Inna, Na Je Na Karɓo Man Shanun Doguwa

Assalamu alaikum, Inna.

Ina gaishe ki a durƙushe kamar yadda kika koya mini, ko da yake ba kya nan balle ki ce in tashi haka nan. Mu nan Tudun Wada lafiya lau muke. Damina ta yi kyau, masara ta yi albarka, Yaya Sule kuma yana nan riƙe da ɗorin karaya kamar yadda kika bar masa. Na zauna rubuta miki ne don na dawo daga Doguwa da labarin da ya fi ƙarfin in riƙe ni kaɗai.

Kin san zancen man shanu. Tun ina ƙarama, duk kaka sai ƙwarya guda ta iso gidanmu daga wata ruga a Doguwa, an rufe ta da faifai. Da shi kike murza karaya kafin ki jera kara ki ɗaure. Ba mu taɓa aikawa a kawo ba. Ko lokacin da ruwan Tiga ya cinye garinku kuka tashi, kin ce sai da matan rugar suka yi ta cigiya har suka gano sabon gida. Kullum kina ce mana, "Ranar da kuka ga man nan bai zo ba, kada ku zauna."

To, Inna, tun da kika rasu bai zo ba. Kakar farko muka ce ko hanya ce ta lalace. Da ta biyu ta wuce, Yaya Sule ya sayo nasa a kasuwa, ya ce shi ba zai bi mutane ruga yana roƙon mai ba. Kin san ɗanki da zuciya. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Ba man ne ya dame ni ba, tsoro na ji kada zumuncin da ya girme ki, ya girmi babanki, ya zo ya mutu a hannunmu.

Ina tuna yadda kike ba mu labarin mafarinsa, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Dogo, kakan babanki, dakare ne ɗan baka, a zamanin da mahara ke saukowa daga duwatsu suna kwashe mutane da dabbobi. Kin ce kibiyarsa ba ta kuskure. Kin ce wata rana ya gaji da ganin jini, ya rataye kwari da baka, ya koma ɗora ƙasusuwa har ƙarshen ransa. Kin ce ya warkar da wani Bafulatani, shi ya sa zuriyarsa ke kawo mana mai don godiya. Mu kuwa mu je makaranta mu yi ta fankama da kakanmu jarumi.

Kawu Idi na Badafi ne ya kwatanta mini rugar, ya ce in tambayi wata tsohuwa da suke kira Dada. Na hau mota zuwa Doguwa, daga nan acaɓa ya yi ta jijjiga ni a hanyar daji har na ce da kaina yau ni ma sai an yi mini ɗori.

Na same ta a gindin bishiya, idanunta sun yi rauni. Ta tambayi wace ce, na ce 'yar mai ɗorin Tudun Wada ce. Ta kama hannuna ta riƙe gam, ta yi mini maraba da Fulatanci, ta ce, "Jaɓɓama. Sai yau, 'yar nan? Mun sa ido har mun gaji."

Ashe, Inna, tun bayan Dogo ba a ƙara ba namiji man nan ba. Mace ke miƙa wa mace, kuma idan babbar gida ta rasu, wadda ta gaje ta ce ke zuwa da ƙafarta ta karɓi na farko. Dada ta ce ke ma haka kika yi bayan rasuwar gwaggonki, kin zo da Yaya Sule goye a bayanki. Su kunya ta hana su aiko su ce mu zo, mu kuma muna can muna cewa sun yar da mu. Kowa ya zauna a gidansa yana jin haushin ɗan'uwansa a banza.

Da muka sha fura, na ce bari in yi abin kirki, na gode mata da ba su manta alherin Dogo ba. Wallahi, Inna, tsohuwar nan ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Wa Dogo ya warkar? Ai shi aka warkar!"

Ga yadda ta ji daga nata kakannin. Ranar da aka fi ƙarfin su Dogo, gudu yake ya zame daga kan dutse, cinyarsa ta karye, abokansa suka wuce suka bar shi. Wata kakar su Dada ce ta je itace ta tsince shi. Ta ɗora masa ƙafa yadda suke ɗora wa maraƙi, da kara da man shanu. Ya yi damina guda a rugar yana shan nono, yana kallon hannunta duk lokacin da aka kawo mata dabba ko mutum. Da ya tashi yana ɗingishi, ya san shi da yaƙi sai labari, sai ya durƙusa ya roƙe ta ta koya masa. Ranar da zai tafi ta ba shi ƙwaryar mai, ta ce za ta riƙa aiko masa duk shekara, kada ya je ya shafa wa mutane gurɓatacce ya ɓata mata suna.

Inna, tsakaninki da Allah, kin sani ko ba ki sani ba? Ni dai ina zarginki, don na tuna murmushin da kike yi in kin zo wajen kibiyar da ba ta kuskure. Ban ji haushi ba ko kaɗan. Na fi son wannan Dogon, katon namiji da bai ji girman kai ba ya zauna gaban mace ya koyi abin da ya ciyar da mu har yau. Da na gaya wa Yaya Sule, sai ya kwashe da dariya ya ce baɗi tare za mu, ko a bakin ruga ne ya tsaya.

Da zan taho, Dada ta sa aka ɗauko ƙwarya, ta ɗora mini a hannu da kanta. Ta ce, "Daga yau ke ce uwar gidanku." Ko ranar da aka fita da ke ban yarda kin tafi ba kamar yadda na yarda a lokacin nan. Na yi kuka a kan acaɓa har muka fito titi, amma na riƙe ƙwaryar da kyau, ko ɗigo bai zube ba.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya haskaka makwancinki. Allah Ya jiƙan Dogo, Ya kuma jiƙan baiwar Allah da ta tsince shi, wadda har Dada ba ta san sunanta ba. Ya ba ni ikon riƙe abin da aka ɗora mini.

'Yarki mai kewarki,
Binta