Tofin Hajiya ta Bayan Gilashi

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya aiki, ya baƙunta? Ya Abban Sadiƙ da yara? Mu nan Jos lafiya lau, alhamdu lillahi.

Tunda korona ta shigo, likita ya hana kowa kusantar 'yata Ummi, domin magungunan da take sha tun dashen zuciya sun raunana garkuwar jikinta. 'Yan dubiya ma ta taga muke gaisawa. Ranar Juma'a sai ga Hajiyarmu daga Titin Bauchi, ta zo yi wa jikarta tofi. Na tare ƙofa.

Ta ce, "Ni za ki hana? Da tofin nan na raine ku!"

Kafin in buɗe baki, Ummi ta manna ƙirjinta a gilashin taga, ta ce, "Hajiya, tofa nan, daidai ɗinkin."

Hajiya ta karanta, ta tofa, tana share hawaye. Bayan tafiyarta Ummi ta tambaye ni, wai addu'ar tata ce, ko ta yaron da ya bar mata zuciyarsa? Yaya, ke me za ki ce mata? Ni dai na ce su raba.

Ki sa su biyun a addu'a. A gaida mutanen gida.

Ƙanwarki,
Hadiza