Malama Ladi a Bakin Ƙofar Makaranta

Kurmin Mashi, Kaduna.

Zuwa ga Yayata Kaltume,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji Yahaya da yara baki ɗaya. Yaya Kalaba da ruwan samanta da kika ce ba ya ɗaukewa? Allah ya ba ki sauƙin gwiwar nan, ya sa kaffara ce. Mu nan muna lafiya. Hawan jinin Hajiyarmu ya lafa, ko da yake sai an yi da ita kafin ta sha magani. Baban Lubna yana nan da zirga-zirgar ofis, ni ma haka. Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali kullum muna waya. Na ɗauki wayar ya fi a ƙirga, sai in ji muryata ba za ta kai ni ƙarshen maganar ba. Da na ji maƙwabcinmu Alhassan zai zo wajenku, sai na ce bari in zauna in rubuta.

Maganar makarantar su Lubna ce, wato makarantarmu ta Katolika, wadda har yau mutanen unguwa ke kira makarantar Fada. Kin tuna kin yi mini faɗa lokacin da muka sa yarinyar a can, kika ce ko don Hajiya ai ma nemi wata. Amma babu wata kusa da mu da ke koyar da yara kamarta, kuma a raina ban so a ce mun guje ta har abada ba. To bara iyaye suka zaɓe ni in wakilce su a kwamitin gudanarwa, ni da Alhaji Datti, wani tsohon darakta da jikokinsa ke karatu a can. Sauran su ne Fada Matiyas mai shugabantar kwamitin, da Sista Felishiya shugabar makaranta, da Malam Ubaidullah mai koyar da yaranmu addinin Musulunci.

Yaya, da za ki shiga makarantar yau da ba ki gane ta ba, duk da gine-ginen ba su canza ba. Su Ngozi da Rifkatu da muka zauna benci ɗaya da su, tun bayan rikici iyayensu suka tsallake kogi, ba su dawo ba. Yanzu kusan duk yaran namu ne, ’ya’yan ma’aikata daga Unguwar Sarki da Abakpa da nan Kurmin Mashi. Malaman ne ke tsallako gada kowace safiya, su koma da yamma. Shi ya sa ofishin Bishop ya ce a zauna a tsara shirin shekara biyar, a kuma faɗi dalilin da zai sa makarantar Katolika ta ci gaba da zama a inda Katolika suka yi ƙaranci. Mun sha zama. Mun daidaita a kan addu’ar safe, cewa za su yi tasu, yaranmu su tsaya cikin ladabi, ba a tilasta wa kowa. Mun daidaita a kan tashi da wuri ran Juma’a. Gicciyen da ke bangon kowane aji Sista ta ce ba za a cire ba, Malam Ubaidullah ya ce shi bai nemi a cire ba, a ƙarƙashinsa yake koyar da Fatiha kuma babu abin da ya rage ta. Saura maganar tsaro: a ɗaga katanga, a yi wa kowa katin shaida, wanda ba shi da shi ko kusa da ƙofa kada ya tsaya.

Muna cikin wannan ne wata rana Lubna ta dawo tana dariya, ta ce akwai wata tsohuwa a bakin ƙofa mai duba musu farce, kuma ta ƙi yarda sunanta Lubna, sai Nafisat take kiranta. Sunan ƙanwarmu fa, Yaya. Yarinyar ba ta san komai ba, in ban da hoton nan na falon Hajiya da muka ce mata ƙanwarmu ce da ta rasu tana ƙarama. Washegari na kai ta da kaina. Tun daga nesa na gane tsayuwar. Malama Ladi ce, malamar aji uku, wadda ta koyar da ke, ta koyar da ni, kuma a ajinta Nafisat take lokacin da abin ya faru. Ta tsufa ta rame, kai ya yi fari fat, amma zaninta a goge, tana tsaye ƙyam kamar yadda take tsayawa a zamaninmu. Kowane yaro ya zo sai ta kira shi da sunan wani yaron na da. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da fara’a, ba ta gane ni ba. Da Lubna ta zo wucewa sai ta shafa kanta ta ce yau Nafisat ba ta makara ba. Sai a ranar na lura da abin da kuke ta faɗa, cewa Lubna ta ɗauko kamannin Nafisat, wushiryar nan da goshin.

Ɗanta Danladi ya zo ya ba Sista haƙuri. Ya ce a Sabon Tasha suke zaune tun da suka bar nan, mantuwar tsufa ce ta kama ta, ba ta tuna ko ta karya kumallo amma hanyar makaranta ba ta ɓace mata ba. Daga coci take zarcewa ta hau bas, direbobin duk sun san ta. Ya ce ya taɓa kulle ta a ɗaki, ta yini tana kuka ta ƙi abinci, tana cewa ta bar yara su kaɗai. Da safe dai ba ta damun kowa. Lokacin tashi ne abin ke canzawa. Da an buga ƙararrawa sai ta tare ƙofa da hannuwa biyu, fuskarta ta sauya, tana cewa kada kowa ya fita, a koma aji. Ƙananan yara suka fara kuka. Ran nan ta riƙe wuyan hannun Lubna, sai da maigadi ya ɓamɓare yatsunta, shatin ya kwana a jikin yarinyar.

Iyaye suka kawo ƙara, aka kira taron kwamiti. Alhaji Datti ya yi magana, kuma ba zan ce ya yi ƙarya ba. Ya ce a zamanin da ake shiga makarantu ana kwashe yara, babu uban da zai yarda wani ya tsaya a ƙofa ba tare da izini ba, balle mai taɓa yara. Ya ce mun rubuta doka da hannunmu, idan muka karya ta tun ranar farko to ba mu da abin faɗa wa kowa, kuma akwai masu shirin cire ’ya’yansu, makarantar da ake neman dalilin rufe ta kuwa ba ta da ƙarfin rasa yara. Sista Felishiya ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce ita ma ba ta barci saboda tsaron yaran nan. Amma a farkon shirin da muke tsarawa mun ce manufar makarantar ita ce yaro ya tashi ya san kowane mutum halittar Allah ne mai daraja. Ta ce idan za a sa maigadi ya kori matar da ta ƙarar da ƙuruciyarta a ajin can, yara suna kallo, to a fara goge wannan maganar tukuna, don yara abin da suka gani a ƙofa za su riƙe, ba abin da aka liƙa a bango ba.

Babu wanda ya san abin da ya sa take tare ƙofar sai ni. Sista baƙuwa ce, Fada ma haka. Ban yi niyyar magana ba, sai kawai na ji ina yi. Na gaya musu ranar da rikicin shekarar dubu biyu ya ɓarke, lokacin ke kina makarantar kwana a Zariya. Hayaƙi ya tashi ta wajen kasuwa, shugaban makaranta na lokacin ya ba da umarni a sallami yara kowa ya gudu gida, don yana tsoron a zo a ƙone ginin suna ciki. Malama Ladi ta buɗe ajinta kamar kowane malami. Ƙanwata Nafisat, ’yar shekara takwas, ta fita da jakarta, tafiyar da ba ta kai ta siyo kayan miya ba. Ba ta iso gida ba. Na gaya musu yadda marigayi Baba ya zaga asibitoci da barikoki, yadda ba mu sami ko takalminta ba, yadda har yau ba mu da kabarin da za mu nuna. Ban taɓa faɗin wannan a gaban baƙi ba, Yaya. Da na gama sai na ga Alhaji Datti ya cire tabarau yana goge ido. Shi ma ashe ya rasa ƙane a ranar.

Malam Ubaidullah ne ya kawo mafita. Ya ce matar nan ba ta karya dokarmu ba, wata dokar take nema wadda ba mu rubuta ba tukuna. Nan take aka amince cewa daga yanzu, ko lafiya ko tashin hankali, babu yaron da zai fita ƙofa sai wanda aka sani ya zo ya kama hannunsa. Aka yi wa Malama Ladi katin shaida a matsayin tsohuwar malama, aka ajiye mata kujera daga ciki kusa da ɗakin maigadi, da sharaɗin surukarta za ta riƙa rako ta. Gida uku sun cire ’ya’yansu duk da haka, ban ga laifinsu ba. Ita kuwa tunda ta ga kowane yaro sai an zo an ɗauke shi, ta daina tare ƙofa. Tana zaune tana kallo har na ƙarshe ya tafi.

Na ɗauka magana ta ƙare, kuma na ɓoye wa Hajiya komai. Ashe Lubna ta ba ta labari tana yi mata kitso. Hajiya ba ta tambaye ni ba. Ran Talata kawai na gan ta ta sa mayafi, ta ce tare za mu je ɗauko yarinyar. Kin san tun wancan lokacin ba ta sake bin layin makarantar ba, ko Abakpa za ta sai ta sa a zagaya da ita. Muka shiga. Malama Ladi, wadda ba ta gane ni ba, wadda wani lokaci ɗanta ma ba ta gane shi, tana ɗaga kai ta miƙe tsaye. Ta ce, “Maman Nafisat, kin zo? Tana ciki. Ban bar ta ta fita ba.”

Hajiya ta daɗe tana kallonta. Aka buga ƙararrawa, Lubna ta fito da gudu, Malama Ladi ta kama hannunta ta sa a cikin na Hajiya. Na ji Hajiya ta ce, “Na gode, Malama. Allah ya saka miki.” Surukar tana kuka, maigadi ya juya baya. Har muka iso gida Hajiya ba ta saki hannun yarinyar ba. Ta yi La’asar ta daɗe a kan sallaya.

Tun daga ranar ita ke zuwa ɗauko Lubna, kullum. Tana zuwa da wuri, ta zauna kusa da Malama Ladi, wani lokaci ta kai mata kunu, ba sa wata hira. Kullum matar sai ta faɗa mata maganar nan, kullum Hajiya sai ta yi godiya. Tana cin abinci fiye da da, har dariya na ji ta yi. Baban Lubna ya ce in bar ta, sauƙi ne Allah ya kawo. Ni ma haka nake so in ɗauka. Amma shekaranjiya ina shanya a tsakar gida na ji Hajiya daga ɗaki ta kira, “Nafisat, kawo mini ruwa.” Ba kuskuren baki ba ne, Yaya, don ba ta gyara ba. Kuma Lubna ta amsa, ta tashi ta kai mata.

Ban san abin da zan yi ba. Idan na hana Hajiya zuwa, na ƙwace mata abin da ta yi shekaru tana jira. Idan na bari, ina tsoro a kanta, ina tsoro a kan ’yata. Ke ce babba, kuma ke ce Hajiya take jin maganarki. Don Allah ki roƙi Alhaji ya bar ki ki zo ko na mako biyu ne, kada ki jira hutun yara. Ki zo ki gani da idonki, sannan ki gaya mini.

Ki gaida Alhaji Yahaya da kyau, ki gaida Abdulƙadir da Balaraba, ki ce wa Sadiq na ji labarin jarrabawarsa, Allah ya ƙara basira. Baban Lubna yana gaisuwa. Hajiya ba ta san na rubuto ba, in kin kira ta kada ki nuna. Ki sa mu a addu’a, ki sa Malama Ladi ma.

Wassalam. Ni ce ƙanwarki mai jiran zuwanki,

Safiyya.