Mutumin da Ke Kulle Ƙofa

Senj, 3 ga Satumba, 1986

Ƙanwata Dubravka,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yayarki Nevenka. Na iso jiya da ƙarfe huɗu da kwata na yamma. Motar ta sha wahala a hawan Vratnik, sau biyu ina tsayawa ina ba ta ruwa, amma tafi-da-gidankan nan, ɗakin kwanan da nake ja a bayan mota wanda kike kira akurki, ya biyo mu lafiya lau, ko cokali bai faɗo ba.

Na sauka a sansanin da muka saba sauka ni da Nevenka. Yawancin Jamusawa sun naɗe tantunansu sun koma gida, saura mu 'yan tsiraru. Uwargida Ankica mai wurin tana ganina ta leƙa cikin mota tana tambayar ina matata. Na ce tana gida, ƙafa ke damunta. Ban san abin da ya sa na yi ƙarya ba. Wataƙila don ita kaɗai ta rage a duniya mai zaton Nevenka tana nan da hankalinta kamar da, ban so in ɓata wannan ba. Har ɓaure ta ƙunsa min in kai mata.

Ku uku kuka taru a kaina, ke da likita da ɗana Zvonko ta waya daga Munich, kuka ce in tafi in huta sati uku. To, na tafi, amma hutun ban san yadda ake yin sa ba. Yau da safe ina zaune bakin teku sai na ga na miƙe da sauri, wai ƙarfe goma ta yi, lokacin maganinta.

Kada ki manta, farin maganin a daka shi cikin zuma, in ba haka ba za ta tofar. Ki cire makunnin murhun gas ki sa a aljihu. Ƙofar waje kullum a kulle, makullin yana saman kabad. In ta tambayi mahaifiyarku kada ki ce ta rasu, ki ce ta tafi kasuwa.

Ki aika amsa gidan wayar Makarska su ajiye min, zan isa can ranar sha biyu ga wata. Ta tambaye ni kuwa?

Ki gaishe ta, ko da ba za ta gane ba.

Yayanki,
Tihomir

Vinkovci, 8 ga Satumba

Yaya Tihomir,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga takardarka, na ga kuma har yanzu kai ne dai mai ba jiragen ƙasa hanya, ƙarfe huɗu da kwata! Mutum ya je teku ya ɓuge da aiko min jerin dokoki kamar sabuwar 'yar aiki. Ka manta tun kafin ka san akwai wata Nevenka a duniya gado ɗaya muke kwana ni da ita?

Lafiyarta ƙalau. Tana cin abinci har da ƙari. Shekaranjiya mun wuni muna ɓarar wake a kicin, hannunta bai manta ba, ta ma fi ni sauri. Wani lokacin ta kira ni da sunana, wani lokacin Mama, ni dai amsawa nake yi. Na yanke mata gashi, don wannan askin da ka yi mata ko tunkiya ba za ta yarda da shi ba.

Maƙwabcinka Stipo ya ce in gaya maka inabinka ya nuna, in ba ka dawo da wuri ba zai taimake ka da shi, ka san irin taimakon Stipo.

Ɓauren Ankica ka cinye abinka, kafin ka dawo ya ruɓe. Ka shiga ruwa, ka ci kifi, ka yi wa mutane magana. Na san ka, kana iya yin sati ba ka buɗe baki ba sai don hamma. Ka cire agogon nan ka jefa a akwati.

Sai na ji daga gare ka. Allah ya tsare hanya.

Dubravka

Kusa da Makarska, 14 ga Satumba

Ƙanwata Dubravka,

Bayan gaisuwa, na karɓi wasiƙarki, na gode da ɗawainiya.

Hanyar nan kin san ta, dutse a hagu, teku a dama. A kowace kwana sai bakina ya buɗe zan ce "dubi can", sai in tuna kujerar gefena taswira ce kawai a kanta. Na tsaya a Zadar na zaga tsohon gari, na shiga coci na fito, na sha kofi. Minti arba'in na gama. Da ita ce da sai mun wuni, don sai ta taɓa kowane mayafi a kasuwa ba tare da ta sayi ko ɗaya ba.

A nan na kafa a ƙarƙashin itatuwa, dutsen Biokovo a bayana kamar zai faɗo min a ka. Maƙwabtana wasu tsofaffi ne daga Brno, mata da miji. Tun safe suke faɗa. Ban jin yarensu, amma na gane a kan igiyar shanya ne, sai a kan gishiri, sai a kan wanda ya bar ƙofa a buɗe. Dubravka, ban taɓa yi wa mutum hassada kamar yadda na yi wa tsohon nan ba. Akwai mai tuna laifinsa na jiya.

Jiya suka kira ni cin gasasshen kifi. Da ɗan guntun Jamusancinmu matar ta tambaye ni ko matata ta rasu ne. Na ce a'a, tana raye, ni ne ba ta sani ba. Ta ƙara min kifi. Mijin ya cika min kofi da giya.

Akwai abin da zan gaya miki, ke kaɗai. Yau da hantsi na shiga ruwa kamar yadda kika ce. Na yi nisa, na kwanta rigingine ina kallon dutsen. Na kai awa guda ban tuna da ita ba, ko sau ɗaya. Daɗi na ji, irin wanda na manta akwai shi. Da na fito na zauna a kan tsakuwa, kunya ta hana ni ɗaga kai. Wane irin miji ne wannan?

Gobe zan wuce kudu. Ki rubuto Kotor.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Kin ba ni labarin wake da gashi da Stipo, amma tambaya ɗaya na yi miki, ba ki amsa ba. Ke ba mai mantuwa ba ce.

Ki huta lafiya.

Tihomir

Vinkovci, 19 ga Satumba

Yaya,

Ina gaishe ka. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta wannan, yau ba wasa a bakina.

Ka yi gaskiya, da gangan na tsallake tambayarka. Ba ta tambaye ka ba. Amma ta yi maganarka.

Kwana uku da tafiyarka na buɗe ƙofar waje. Na san ka hana, na buɗe. Ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe, sannan ta fita, ina biye da ita. Ta je bakin coci, ta zauna a benci, ta kalli tattabaru, ta ce mu koma gida. Shi ke nan. Tun ranar kullum sai mun fita. A hanyar dawowa ranar farko ta riƙe hannuna ta yi ƙasa da murya ta ce:

"Mutumin nan mai kulle ƙofa ya tafi?"

Na ce ya tafi.

Ta ce, "Ba mugu ba ne, yana ba ni abinci. Amma kada ki gaya masa inda muke."

Tun da ka tafi ba ta yi kukan nan na yamma ba, ba ta jijjiga ƙofa ba. Da ƙyar na rubuta wannan, don na san wanda ya yi shekara uku yana yi mata wanka, yana wanke zanin gado, yana ba ta abinci a baki. Ni kwana goma sha bakwai kawai na yi, bayana kamar zai ɓalle, ranar Talata ma ta kai min mari a kan takalmi. Ban ce na fi ka ba. Fuskata ce kawai ta fi taka daɗewa a kanta, ciwon bai ci ya kai can ba tukuna.

Ga sauran. Ba don hutu kaɗai muka tura ka ba. Tun watan Yuli muka yi shawara da Zvonko mu gwada mu ga yadda za ta kasance in ba ka nan. Ranar Lahadi na kai ta Djakovo a bas, gidanmu na gado inda nake zaune. Yaya, tana shiga ta wuce kai tsaye kicin, ta buɗe durowar da Mama ke ajiye wuƙaƙe. Ta san rijiya, ta san matakalar da ke ƙara. Da ƙyar na dawo da ita.

Ina so ta koma can wurina gaba ɗaya. Babu layin dogo kusa, katanga ta kewaye lambun, ba sai an kulle ta ba. Zvonko ya ce in kwashe ta kawai kafin ka dawo, wai ya fi sauƙi. Na ce masa ba zan sace wa mutum matarsa yana bakin teku ba. Sai ka yarda. In ka ce a'a, zan miƙa maka makullinka in hau bas.

Ka zage ni in kana so, na cancanta. Awar nan da ka yi a ruwa kuwa, ba ka yi wa kowa laifi ba.

Ƙanwarka,
Dubravka

Žabljak, 28 ga Satumba

Dubravka,

Gaisuwa. Na san kin ji ni shiru, kwanakin da na ɗiba ma sun wuce.

A kan matakalar gidan wayar Kotor na karanta wasiƙarki. Ban san lokacin da na ɗaura tafi-da-gidanka na kama hawan dutsen Lovćen ba, hanyar da kowa ya ce kada in ja kaya a kanta. Ina hawa ina shan kwana, ina zaginku da ƙarfi, ke da Zvonko. A can sama na tsaya, duk tekun yana ƙasa kamar ruwa a faranti, motocin 'yan yawo suna tsayawa ana ɗaukar hoto. Wani saurayi ya miƙo min kyamara in ɗauke shi da amaryarsa. Na ɗauke su. Wasiƙa biyu na rubuta miki a wurin, duka na yaga.

Daga nan na yi ta tafiya arewa ba tare da na duba taswira ba, har na tsinci kaina a nan. Sansanin an rufe, mai gadi ya ce in zauna in ina iya jure sanyi. Ni kaɗai ne a bakin tafki. Ƙanƙara ta fara sauka a kan tsaunuka, makiyaya suna gangarowa da tumakinsu. Kwana biyar ke nan, in ban da wata tsohuwa da na sayi cuku a wurinta ban yi magana da kowa ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya muku ba. A bazarar farko ta ciwon, ina aske gemu ta fita. A kan layin dogo aka same ta, tana tafiya a tsakiya da kwandon kasuwa. Wani direban jirgin kaya da na sani tun yana koyon aiki ya tsayar da jirginsa saura taku arba'in. Shi ya kawo min ita gida, ya kasa kallon idona. Ranar na sayi kwaɗo. Na ɗauka in na tsare ranta na gama aikina. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wa take gani ba idan na zare makulli na sa a aljihu.

Ki kai ta Djakovo. Ki tafi da bargonta mai ruwan toka da keken ɗinkin, ko ba ta ɗinki tana son taɓa shi. Ki gaya wa Zvonko na yarda, amma ba yanzu zan yi masa magana ba.

Roƙo ɗaya gare ni. Ba zan iya zama a gidan Vinkovci ni kaɗai ba, nan ya koya min haka. A bayan lambunku, wajen tsohuwar rumfar itace, akwai fili. Mita huɗu kawai tafi-da-gidankan yake, yana da murhu, na kuma gwada shi a sanyi. Ba zan shigo cikin gida ba sai kin kira ni. Zan faskara itace, in yi cefane, in karɓe ki idan bayanki ya gaza, don zai gaza. Ba zan riƙe makullin komai ba. Kada ki ce mata mijinta ne. Ki ce maƙwabci ne.

In kin ga zai tayar mata da hankali, ki faɗa min gaskiya kamar yadda kika faɗa min waccan. Zan jira amsarki a nan.

Na gode da ba ki bi shawarar Zvonko ba.

Tihomir

Djakovo, 3 ga Oktoba

Yaya,

Gaisuwa. Mun tare tun shekaranjiya. Na sa an sare ciyawar wajen rumfar, filin zai ishe ka.

Yau muna shanya na ce mata za mu yi sabon maƙwabci, wani dattijo, zai zauna a bayan lambu. Ta tambaya ko yana da mata. Na ce yana da ita. Ta tsaya da zani a hannu tana tunani, sannan ta ce:

"To me ya sa aka bar shi shi kaɗai? In ya zo ki kira shi ya sha kofi."

Ka sauko a hankali, an ce hanyar da santsi.

Dubravka