Yatsan da Sabulu Ya Cinye

Litinin, 13 ga Janairu

Na je rajistar zaɓe, na dawo hannu rabbana. Na'urar ta ƙi karɓar yatsana. Ma'aikaciyar ta goge, ta danna, ta sake dannawa, ta ce, "Baba, zanen ya shafe. Wace sana'a kake yi?" Wanki da guga, na ce. Sabulu da bilic sun cinye shi. Auta kuwa, ƙanena, dannawa ɗaya aka yi masa kati. Hannun da bai taɓa ɗaukar abin da ya fi cokali nauyi ba!

Alhamis, 6 ga Maris

Ɗan takarar kansila ya shigo layinmu, wanda ke cewa zai gina shaguna a filin da nake shanya. Rigar jikinsa ma ni na goge ta. Ya tambayi masu kati, ya wuce ni kamar turken shanya, ya riƙe hannun Auta yana "ranka ya daɗe". Auta fa! Abinci ma ya ƙi shiga.

Juma'a, 14 ga Maris

Auta ya same ni ina guga. "Yaya, wa zan zaɓa gobe?" Na ce, "Kai da katinka, ni wa?" Ya juya ya fita. Maman yara ta ce hassada ce ke cina. To, ita ce. A bar ni da abata.

Asabar, 15 ga Maris

Auta ya dawo daga zaɓe da tawada a yatsa, yana ɗaga shi kamar mai ciwo. Ji na yi kamar in jefa shi cikin bahon bilic.

Lahadi, 16 ga Maris

Mai shaguna ya ci, da ƙyar. Auta ya ce shi ya zaɓa, "ai ya gaishe ni, kai kuma ba ka ce komai ba." In yi masa faɗa? Da wane bakin?

Laraba, 2 ga Afrilu

An kafa turakun awo a filin. Zannuwan mutane na rataye a katangar gidanmu, ba su bushe ba.

Na sayi safar hannu ta roba, kuma ina shafa mai bayan aiki. Saboda ƙaiƙayi ne kawai, na gaya wa maman yara. Ɗazu na ɗaga yatsan a rana, kamar akwai wani ɗan layi da ya fara dawowa. Na kira Auta ya duba mini.