Auta Ya Sa Wa Motar Babanmu Zarto

Gwaggo, don girman Allah ki ba ni shawara kafin in aikata abin da zan zo ina cizon yatsa. Rubutun nan ma da ƙyar nake yin sa, don duk na tuna abin sai raina ya ɓaci.

Babanmu ya rasu ya bar mana wata tsohuwar mota, irin dogayen nan masu faffaɗar kujera, waɗanda yanzu sai ki wuni a titi ba ki ga ko ɗaya ba. Ta girme ni. A cikinta ya koya mini tuƙi, yana zaune a gefe yana ƙwanƙwasa allon gaban motar da zobensa duk sanda na saki kuloci da garaje. Allon nan katako ne na gaske, mai sheƙi, har da ɗan gurbin da zoben ya yi masa. Bayan rasuwarsa ba wanda ya waiwaye ta sai ni. Na kai ta garejin gidana, ni ke wanke ta, ni ke yawon nemo mata kayan gyara. Mijina har tsokanata yake yi wai ita ce 'yar farina.

Kwanaki aka tura ni kwas daga wurin aiki, sai na bar wa autanmu makulli don ya riƙa tayar da ita kada batir ya mutu. Ya tayar, ta yi ɗumi, ya kashe. Iyakar abin da na ce ke nan.

Ranar da na dawo, ina buɗe ƙofarta wani wari ya doke ni, irin na tsumman goge-goge da aka manta a bokiti. Ashe Auta ya kai ta wurin abokinsa mai gyaran firij, wanda bai taɓa taɓa mota ba, wai a sa mata esi, na'urar sanyaya cikin mota. Suka ciro wata daga jikin wata mota da ta yi hatsari. Da ta ƙi shiga, suka sa zarto suka yanke allon, har wurin zoben. Suka cire rediyon Baba, suka rataya wani baƙin akwatin roba a gurbinsa, wayoyi na reto an naɗe su da salatif. Tiyon da ya kamata ya fitar da ruwa waje, a ciki suka bar shi yana ɗiga. Na ɗaga kafet na ga fumfuna fari fat, ƙarfen ƙasan har ya fara tsatsa. Sai da na fita na tofar da yawu. Ga shi da ta shiga cunkoso injin yake ɗaukar zafi, allura ta haye ja.

Shi kuwa gogan yana tsaye yana washe baki, yana jiran in sa masa albarka. Wai shi bai ji wani wari ba. Gwano dama ai ba ya jin warin jikinsa.

Hujjarsa ita ce Mama. Tana fama da gwiwa, kuma wannan ce kaɗai motar da take iya shiga ba sai an cicciɓe ta ba, amma zafin cikinta yana sa ta jiri, shi ya sa ta daina fita sai in asibiti ya kama. Na san da haka, amma ai gilashi yana sauka, kuma Baba haka ya tuƙa ta har ya koma ga Allah. To da ba na nan, Auta ya yi ta yawo da Mama gidajen 'yan'uwa a cikin sanyin esi, tana ta shi masa albarka. Yanzu shi ne ɗan kirki, ni ce muguwa mai son ƙarfe fiye da uwarta.

Na wanke shi tas, na ƙwace makullina. Ba na ɗaga wayarsa, ya zo gaishe ni na bar shi a tsaye a bakin ƙofa. Ko fuskarsa na gani warin nan nake ji. Mama ta ce ba za ta sake taka gidana ba sai na amsa gaisuwarsa, kuma in na cire abin ba da yawunta ba. Ni kuwa so nake in fizge shi in jefar a bola, in kuma fita harkar yaron nan gaba ɗaya. Ni na goya shi, Gwaggo, shi ya sa abin ya fi ci mini rai. Me zan yi?

Babbar yaya mai takaici

'Yata,

Ni ma da na zo wurin zarton nan sai da na ajiye takardarki na yi tsaki. Aikin banza aka yi, ba wani suna da za a sa masa. An ba mutum amanar makulli ya kai motar a feɗe ta ba tare da ko kiran waya ba, kuma ya rasa wanda zai kai wa sai mai gyaran firij. Garin neman gira ya tsone ido. Fushinki yana da hujja, kada wani ya ce miki don katako kike kuka. Na san abin da kike gani a katakon nan.

Amma tunda gaskiya kika zo nema, ga ragowarta. Da bakinki kika ce mahaifiyarku ta daina fita saboda zafin motar, kika wuce wurin da sauri kamar ba kome ba. Babanki ya tuƙa ta haka, amma lokacin matarsa tana da ƙuruciya da lafiyar gwiwa. Ƙanenki ya ga tsohuwa a zaune a ɗaki ya nemi mafita. Tunaninsa daidai ne, hannunsa ne ya yi ɓarna. Kuma ki tuna motar gado ce. Wahalarki a kanta ta ba ki girma, ba ta mayar da ita taki ke kaɗai ba.

Ga abin yi. Da farko a daina ɗaukar Mama a motar yanzu, don fumfuna ba abin wasa ba ne ga ƙirjin tsohuwa, kuma motar da ke ɗaukar zafi tana iya tsayawa da ita a tsakiyar titi. Wannan hujjar Mama za ta saurare ta, in kin faɗa da ladabi. A cire kafet a shanya, a kankare tsatsar tun ba ta ci ƙarfen ba. Sannan ki nemi mai aikin esin mota wanda ya saba da tsofaffi. Ya fitar da tiyon waje, ya gyara wayoyin, ya duba lagireto ko yana bukatar ƙarin fanka. Akwai esi ƙanana da ake ɓoyewa a ƙarƙashin allo, da tun farko aka nemi masani da ba a yanka kome ba. Ki sa a nemo guntun katakon da rediyon a shagon abokin nan kafin a share su. Kafinta mai hannu zai iya mayar da shi, ko da tabon zai nuna.

Kada ki cire esin don huce haushi. Auta ba zai ji a jikinsa ba, Mama ce za ta koma zaman ɗaki.

Shi kuma ki kira shi da kanki, ke ce babba. Ki zaunar da shi ki gaya masa abin da allon nan yake a wurinki, ba da zagi ba, don ina kyautata zaton bai sani ba. Dole ya ba ki haƙuri, kuma duk zirga-zirgar gyaran nan da shi za a yi, ya ɗaga kafet ɗin da hannunsa ya shaƙi aikinsa. Ba na ce warin zai bar hancinki gobe ba. Amma mahaifinku ya bar mota, ya bar mata, ya bar ɗa, kuma cikin ukun nan mota ce kaɗai ake samo wa kayan gyara a kasuwa.

Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba Mama lafiya, ya sanyaya miki zuciya.

Gwaggonki