Abin da Bernard Ya Gani a Kwangila

Samaru, Zariya

Zuwa ga aminiyata Keziya,

Bayan gaisuwa, ya gida, ya ƙoƙari? Da fatan kina lafiya.

Jiya aka yi addu'ar bakwai ta autana Muntasir, na yi ta duban ƙofa ban gan ki ba. Mu da muka tsufa muna koyarwa a makaranta ɗaya, yau sai takarda tsakaninmu. Na san dalili. Ɗanki Bernard yana cikin 'yan sandan da suka tare motarsa a Kwangila. An ce ba shi ya harba ba, sajansu ne. Amma yana tsaye a wurin.

'Yan sandan sun ce wai Muntasir bindiga ya so ƙwacewa. Yaron da ko kaza ba ya iya yankawa! Sabon Gari ya nufa, zai karɓo ɗinkin sunan 'yarsa. An yi sunan muna zaman makoki.

Don Allah ki tambayar min Bernard abin da ya gani.

Taki,
Bilkisu

*

Sabon Gari, Zariya

Bilkisu, 'yar'uwata,

Ina gaishe ki, ya haƙuri? Ubangiji ya ta'azantar da ke.

Na zo har bakin layinku, na hango tabarmin 'yan gaisuwa, sai na juya. Da wane ido zan dube ki?

Bernard ba ya ci, ba ya barci. Ya ce min abin da aka rubuta a rahoto ƙarya ne, iyakar abin da ya iya faɗa ke nan, sai kuka. Manyansu sun tara su, sun ce bakinsu ya zama ɗaya a gaban kwamitin bincike ranar Alhamis. Wanda ya kauce, ya kuka da kansa.

Bilkisu, tun rasuwar babansa shi kaɗai gare ni. Ba zan iya ce masa ya faɗi gaskiya ba. Ki gafarce ni.

Keziya

*

Samaru

Keziya,

Na gaishe ki. Takardarki ta same ni.

Ki riƙe ɗanki. Na san daɗin ɗa, ba zan ce ki jefa naki wuta ba. Amma jiya Nana Hafsat, matar marigayin, ta je rijiya ta ji wata tana cewa, "Ga matar ɗan fashin nan." Ta dawo ta zauna da jaririya a cinya, ko nono ta kasa ba ta.

Ba jinin sajan nake nema ba. An kashe min yaro, yanzu ana kashe sunansa. Allah yana gani.

Bilkisu

*

Sabon Gari

Zuwa ga Mama Bilkisu,

Gaisuwa da ladabi. Ni ne Bernard. Allah ya ƙara haƙuri.

Na faɗa wa kwamiti gaskiya. An tsare sajan, an ce za a kai shi kotu, ban san ko za a kai ba. Ni kuma an yi min canjin wurin aiki zuwa can bakin iyaka, jibi zan tafi.

Mama, ga abin da ya faru. Muntasir ya tsaya kamar yadda aka umarce shi, bai yi gardama da kowa ba. Sai ya hango ni. Ya yi dariya ya ce, "Kai, Bernard, ashe nan kake!" Ya buɗe ƙofa da sauri, ya miƙo min hannu. Shi ne sajan ya harba.

Gaishe ni ya fito yi, Mama. Da bai gan ni ba, da yana nan.

Ɗanki,
Bernard

*

Samaru

Keziya,

Ina gaisuwa. Na karanta takardar Bernard, na sa an karanta wa Nana Hafsat.

Zuciyata ba ta huce ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ku zo gobe, ke da shi, kafin ya tafi. Ɗana ya fito gaishe shi bai samu ba. Ni zan ƙarasa masa.

Taki,
Bilkisu