Littattafan da Ximena ta riƙa kawo mini

Cuenca, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Herminia,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Fausto da yara a can Murcia. Allah ya ƙara sauƙin gwiwar nan taki. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa. Aikin idona ya yi kyau, yanzu da kaina nake sa wa allura zare.

Yaya, akwai abin da ya tsaya mini a rai kwanakin baya, ban faɗa miki a waya ba don na san halinki da damuwa. Tun da idon ya washe, 'yata Ximena ta shiga kawo mini littattafan labari, kuma kowanne a kan uwa da 'yarta ne. Na farkon ya ba ni dariya, don uwar da ke cikin labarin mitarta irin ta Mama ce sak, Allah ya jiƙanta, har yadda take ɗanɗana miya ta ce gishiri ya yi yawa alhali ita ta zuba. Na biyun kuwa sai da na ɗora shi a kan firji na yi kwanaki ban taɓa shi ba. Uwar ba ta duka, ba ta zagi, amma duk abin da yarinyar ta yi sai ta ce da saura. Na ji haushin marubuciyar da ba ta bar matar nan ta faɗi nata ba, amma kuma na kasa haƙura, na sauko da shi na ƙarasa. A na ukun, 'yar ko jana'izar uwar ba ta je ba.

Daga nan na fara zargin ko saƙo Ximena take ba ni. Maƙwabciyata Doña Zoila ta ƙara tsorata ni, wai yaran yanzu ba sa faɗa da baki, littafi suke miƙo maka su koma gefe suna kallo.

Yau bayan coci ta zo muna feraye dankalin miya, sai na tambaye ta kai tsaye wace ce ni a cikin matan nan. Ta yi dariya har wuƙar ta suɓuce mata, can dariyar ta koma kuka. Ashe ciki gare ta, Yaya, bayan duk shekarun da ita da mijinta Wilmer suka yi suna jira, kuma likita ya ce mace ce. Ta ce ba ni take gani a littattafan ba, kanta take gani. Tsoro take ji kada ta zama irinsu, shi ya sa take kawo mini, ko zan ce mata duk ƙarya ce.

Na ce mata, "Ba duka ne ƙarya ba, 'yar nan. Za ta yi fushi da ke, za ta buga ƙofa a fuskarki. Ke dai ki bar mata abinci a tukunya." Ta share hawaye ta ce ai ta sha cin irin wannan abincin. Ban san lokacin da na zauna a kujera ba. Miyar ma ƙonewa ta yi, muka ci abarmu haka.

Ki gai da Fausto da Maribel da autanki Efraín. Ximena ta ce kada in gaya wa kowa tukuna, na ce to, amma da sharaɗin ban da ke.

Ƙanwarki,
Eulalia